Yakura Ba Ta Cewa Na Gode

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Yakura ta cika ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinta na unguwar Wulari, kanta a kan cinyata. Yakura ba sunanta na yanka ba ne. Haka Barebari ke kiran yayar uwa, ni kuma da shi na buɗe baki, har sunan ya bi ta kasuwa, babba da yaro kowa Yakura. Ita ta ɗauke ni lokacin da mahaifiyata ta rasu ina goye, ba ta da ɗa nata, kuma tun daga lokacin ban san wani gida ba sai nata.

Kafin azahar an kai ta. Tsakar gida ta cika da mata cikin lafaya, kowacce ta zauna da carbinta da shaidarta. Maƙwabciyarmu ta hannun dama ta ce ba ta taɓa ganin mace mai sa albarka irin Yakura ba, ko gishiri ka miƙa mata ta katanga sai ta bi ka da addu'a har ka ji kunya. Wata tsohuwa da ta taɓa zama kusa da ita a kasuwa ta gyara zama, ta ce Allah dai ya yafe mata, mutuniyar kirki ce, amma ba ta iya godiya ba. Wata ta ce ba a faɗin aibin mamaci. Ni ina gefe na jingina da bango, na san dukansu biyu gaskiya suka faɗa, amma ba ni da ƙarfin da zan haɗa musu maganar.

Da la'asar Kawu ya shigo daga wajen maza. Ƙaninta ne, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Ya tsuguna kusa da ni fuskarsa a sake, kamar wanda ya kawo albishir.

"Alhaji ya zo da kansa," in ji shi. "Alhajin rumfar hatsi. Ya yi mata kyakkyawar shaida a gaban liman. Ya ce shekara da shekaru suna taimaka mata, ba su taɓa barin ta ta koma gida hannu rabbana ba. Kowa sai da ya ce Allah ya saka masa. Ga buhun gero can a zaure ya aiko na sadaka. Zai dawo ranar bakwai, ke ce 'yarta, sai ki fito ki yi masa godiya."

Ban yi kuka ba lokacin da aka fita da ita. A nan na yi. Mata suka yi ta ba ni haƙuri, suna zaton mutuwar ce sai yanzu ta dake ni. Kalmar nan ce, taimako. An binne Yakura da rana, kafin yamma an mayar da ita 'yar maula a bakin maza, an kuma ce ni zan fita in yi godiya a kan haka. In na buɗe baki na ce mun gode, na yarda ke nan cewa sadaka ta ci duk rayuwarta. In na ƙi, na kunyata Kawu a ƙofar gidansu. Da wannan na kwana na tashi har ranar bakwai, kuma wadda zan tambaya shawara ita ce ba ta nan.

Ga wanda bai sani ba, aikin Yakura gyaran hatsi ne a layin 'yan hatsi na Kasuwar Litinin. Mota za ta kawo gero ko dawa ko masara daga ƙauye yadda aka kwaso shi a masussuka, da ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayi, wani sa'in har da kashin awaki. 'Yan dako su sauke. Sai a zazzage a bayan rumfa, mata su zauna da faifai da rariya, su sheƙe, su bakace, su tsince, har ƙwayar ta fito fes, a mayar da ita buhu a ɗinke, kuɗinta ya hau. Ɗan dako yana da farashinsa a kan kowane buhu, kowa ya sani, suna da shugabansu, ko Alhaji bai isa ya rage ba. Mata ba su da farashi. Abin da ya karye ya faɗo ƙarƙashin rariya, wato tsaki, shi ne nasu, sai kuma duk abin da hannun Alhaji ya ci karo da shi a aljihu da yamma. Na maza sunansa kuɗin aiki. Na mata sunansa kuɗin sabulu, ko alheri.

Ina 'yar firamare na fara lura da halinta. Na biya ta kasuwa daga makaranta, na tarar ana sallama. Mata suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta durƙusa, ta karɓa, ta ce an gode Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Yakura ta zo daga ƙarshe, girarta fara fat da ƙurar gero. Ta rusuna yadda ya kamata, ta miƙa hannu biyu, ba raini ko kaɗan. Ta ce, "Na karɓa." Shi ke nan. Ta ƙulle abin a gefen zane, ta ɗora ƙullin tsakinta a ka, muka kama hanya.

A hanya na ce mata malaminmu ya ce duk wanda aka ba shi abu ya yi godiya.

"Malaminku ta yi gaskiya," in ji ta. "Ka ji ɗan dako ta ce na gode?"

Na ce a'a.

"To. Godiya na kyauta ne. Wanda ya sha ƙura tun safe, hakkinsa aka ba shi. In na ce na gode, gobe ta ce kyauta ta ba ni, kuma kyauta ana hanawa."

Ba kuskuren alƙalami na yi ba. Haka Hausar Yakura take har ta koma ga Allah. Namiji ta ce masa ta, mace ta ce mata ka, ni kaina ban taɓa jin ta ce min ke ba sai in ta yi tuntuɓe. Hausawan kasuwa sun samu abin tsokana. Wani ɗan dako Bakano kullum sai ya tare ta ya ce, "Yakura, yau ni mace ce ko namiji?" Ita kuma ta ce ya bari sai ta ga yawan buhun da ya ɗauka. Wata rana ya dame ta, sai ta ajiye faifai ta ce masa a Barbarci kalma ɗaya ce, shi shi ne, ita ma shi ce, su ba su raba ba. Ta ce sai da ta zo kasuwa ta ga amfanin rabawar, ashe don a san wanda za a ba kuɗi da wanda za a ba tsaki ne. Ɗan dakon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tafi yana maimaitawa. Ban ga alamar ya ɗauke ta a wani abu da ya wuce raha ba.

Da tsakin nan na girma. Biski da miyar kuka, fate, dambu, kunu da safe. Ina iya rantsuwa sai da na shiga sakandare na san akwai gidajen da ke cin ƙwayar hatsi da ba ta karye ba. Wanda ya yi ƙasa da yawa ta watsa wa kaji. Kajin nan kuwa ba don kwalliya take kiwonsu ba. Duk lokacin da aka ce a kawo wani abu a makaranta, sai in ga kaza ɗaya ta ɓace daga akurki. Haka kaji suka yi ta ɓacewa har na gama kwalejin horon malamai. Kawu ya taɓa cewa a gaban baƙi shi ya tsaya min na yi karatu, don shi ya raka ni ranar da aka ɗauke ni a kwalejin. Yakura tana tankaɗe ba ta ɗago ba, ta ce Allah ya jiƙan kajin da suka raka shi.

Tsakaninta da Kawu kullum haka ne, ga ƙauna ga tsiya. Shi masinja ne a wani ofishin gwamnati har ya yi ritaya, kuma duk wata fansho na shigo masa, ko da a makare. Yakura takan ce ƙaninta ya zauna a benci har benci ya lotsa, gwamnati ta ce sannu da aiki, za mu biya ka har kabari. Ita kuma da ta gyara hatsin da rabin garin nan ya ci, ranar da ƙugunta ya ƙi, ranar abincinta ya tsaya. Kawu ya ce to ai shi ma'aikaci ne. Ta ce, "Ni kuma yawon shan iska nake zuwa." Duk da haka in ya yi zazzaɓi ita ce ta farko a gidansa da kwanon kunu.

Abokiyar faifanta wata 'yar Margi ce daga kudancin Borno, Kirista, muna ce mata Mama. Gefe da gefe suka zauna fiye da rabin rayuwarsu. Mama ce mai barkwancin rumfar. Ita ta ƙirƙiro maganar da ta zama ta su duka, wai a biya su da tsaki su raka da tsaki. Da Alhaji ya juya baya ya yi nisa, sai ta ɗaga hannu kamar mai ba da waƙa, mata su ja tsaki gaba ɗaya, sannan su fashe da dariya. Yakura ba ta cika shiga wannan ba. Takan ce abin da ba za ka iya faɗa a gaban mutum ba, faɗinsa a bayansa ɓata yawu ne. Mama ta ce ai shi ya sa kullum kuɗin sabulun Yakura ya fi na kowa ƙanƙanta.

Akwai wata al'ada da Yakura ta kafa musu. Duk wadda ba ta fito ba, ko ciwo ko haihuwa ko rasuwa, sai a ajiye kwanonta a inda take zama. Da yamma kowacce ta ɗebi hannu ɗaya daga tsakinta ta zuba a ciki, wata ta biya ta kai mata gida. Ba a tambayar addini, ba a tambayar yare. A shekarun tashin hankali, da zawarawa suka cika garin daga ƙauyuka, da yawa sun zo bayan rumfa neman abin yi, wasu ko faifai ba su da shi. Tsofaffin hannu suka fara gunaguni, tsakin da ma bai isa ba ga ƙarin baki. Yakura ta matsa ta ba wata wuri a kan buhunta, ta raba mata rariya. Na tambaye ta ko ba ta tsoron a rage mata. Ta ce wanda ke rage mata yana cikin rumfa a kan kujera, ba wannan da ta zo da goyo ba.

Rigimar da ta fi kowacce ita ce ta inji. Alhaji ya sayo injin gyaran hatsi, aka kafa shi a gefen rumfa, ya ɗauko wani saurayi ɗan uwan matarsa ya ce shi zai riƙa kula da shi, da albashi duk wata. Aikin saurayin shi ne ya zuba ta sama, ya danna, ya tara buhu ta ƙasa. Yakura ta yi kwanaki tana kallo ta wutsiyar ido. Ran nan ta karkaɗe zane ta shiga rumfa. Mama ce ta ba ni labarin, don ita Yakura ba ta taɓa tayar da shi ba.

"Alhaji, a koya min injin nan."

Alhaji ya ɗauka wasa ne. Ya ce, "Haba Yakura, inji ai ba na mata ba ne. Kuma yaron nan aure zai yi, akwai nauyi a kansa."

"Yarinyar da ke gidana iska yake ci?"

"Ke ai muna taimaka miki daidai gwargwado."

"Tun kana saurayi hannuna yake yin abin da ƙarfen nan yake yi, kuna ce masa taimako. Yau ƙarfe ya yi, namiji ta tsaya kusa da shi, ya zama aiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

A gaban abokan cinikinsa ta faɗa. Alhaji ya ce in ta raina abin da ake ba ta, ga hanya nan. Ta ɗauki faifanta ta fita. Ta koma Kasuwar Kwastam, ta tarar can ma Jumma ce ta auri Ɗanjumma, ga shi ba ta san kowa ba, ga kuɗin keke ya ƙaru. Da ina ƙirƙirar labari ne da na ce Alhaji ya aiko ana ba ta haƙuri. Bai aiko ba. Da ƙafarta ta koma, don tukunya ba ta san zuciya ba. Ta zauna a wurinta, shi kuma bai kore ta ba. Mata da yawa an sallame su, waɗanda suka rage tsintar tsakuwa suke yi a bayan inji. Tsakin ma ya ragu, don yanzu inji ke ware shi a buhunsa, a sayar wa masu gidan kaji. Mama ta ce da yammar ranar kowa ya zuba ido ya ga ko ta karaya. Ta rusuna, ta miƙa hannu biyu, ta ce ta karɓa.

Ni kuma na zama malama a wata makarantar kuɗi. Aurena bai yi tsawon rai ba, na dawo ɗakin da na tashi, muka ci gaba da zama mu biyu kamar ban taɓa fita ba. Muna da wata ɗabi'a. Duk ranar da na dawo da labari, tun daga zaure nake ɗaga murya in ce, "Yakura, kin san me ya faru?" Ita kuma daga cikin ɗaki ta ce, "Sai ka faɗa." Ko labarin bai taka kara ya karya ba, sai ta ajiye abin da take yi ta saurara.

Wata rana na dawo da mai zafi. An ɗauki wani sabon malami, ni na zagaya da shi azuzuwa na nuna masa yadda muke yi. Ba a daɗe ba na gano albashinsa ya fi nawa, sannan aka ɗora shi a kanmu. Na je na sami mai makarantar. Ya saurare ni da fara'a, ya ce, "Malama, shi fa magidanci ne. Ku mata ai na kwalliya ne, wani ke ciyar da ku." Na tsaya ina kallonsa. A lokacin ni ke sayen maganin tarin Yakura, ni ke biyan wuta, ni ke cefane.

Na zata za ta yi faɗa. Dariya ta yi har tari ya sarƙe ta. Da ta samu numfashi ta ce, "Na sayar da kaji don kada a biya ka da tsaki. Ashe makaranta ma akwai rariya, sai dai naku ta waya yake shigowa." Sannan ta tambaye ni da gaske, ba da wasa ba, tunda kuɗin a waya yake faɗowa, wa nake ce wa na karɓa. Na ce babu kowa. Ta girgiza kai, ta ce wannan ya fi nasu muni, su ko ba komai suna kallon idon mutum.

Tarin nan shi ya kwantar da ita. Ƙurar hatsi ce ta shekaru ta zauna mata a ƙirji. Da ta daina fita, kwanonta ya riƙa zuwa gida da yamma a hannun Mama, yadda ita ta saba kai wa wasu. A watannin nan na sha godiyar da ban taɓa sha ba. In na ba ta ruwa, na gode. In na gyara mata matashi, na gode, Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka mai yi maka. Abin ya riƙa ci min rai. Ran nan ina shafa mata man zafi a baya na ce ta daina, wannan hakkinta ne, ita ta raine ni.

"Ban raine ka don ka biya ba," in ji ta. "Naka kyauta ne. Bar ni in yi godiyata, na daɗe ina tara shi."

Matan kasuwa ba su samu zuwa ranar rasuwa ba, ban kuma riƙe su ba. Wadda ta bar wurinta wuni guda tana iya dawowa ta tarar da wata a kai. Sai ranar uku da yamma suka shigo a jere, ƙura a girarsu, faifai a hammata. Mama ce a gaba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin Yakura ta leƙa, ta ce, "Wushe, ƙawata," kamar yadda take gaishe ta kullum, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da ɗankwali. Da aka yi addu'a ita ma ta sunkuyar da kai ta yi tata.

Wata daga cikinsu ta tambaya ko an tanadi geron sadakar bakwai. Na ce ga buhun Alhaji can a zaure. Suka jawo shi tsakar gida, Mama ta farke bakin, ta tura hannu ta ɗebo. Yadda ya sauko daga mota yake, da tsakuwarsa da ƙaiƙayinsa. Ta dube shi, ta dube ni, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Kin gani? Ko ta mutu sai an yi masa gyara."

Ba wanda ya ce su yi. Suka shimfiɗa tabarma, suka zauna yadda suke zama a bayan rumfa, suka bar gurbi ɗaya a gefen Mama. Ƙarar faifai ta cika gidan, ƙarar da na sani tun ban san kaina ba. Masu zaman makoki suka zuba ido suna kallo. Kafin magariba gero ya fito fes. Suka raba tsakin a tsakaninsu kamar kullum. Sai Mama ta ce in kawo kwanon Yakura. Na kawo, ta ajiye shi a gurbin nan, kowacce ta ɗebi hannu ɗaya ta zuba. Mama ta miƙo min da hannu biyu.

"Yau ba ta fito aiki ba," in ji ta.

Na ce na gode. Na faɗa na sake faɗa, kuma ban ji ya yi min nauyi a baki ba ko kaɗan.

Ranar bakwai aka yi addu'a da safe, aka raba gumba. Mutane sun fara raguwa sai Kawu ya aiko a kira ni. Na sa hijabi na fita zaure. Ni ba Yakura ba ce, tsoron manya nake ji, kuma ban taɓa mayar wa Kawu magana ba. Alhaji na zaune a kan darduma kusa da liman. Ya tsufa ƙwarai, ga sanda a gefe, yana jan carbi. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe su. Ya yi min gaisuwa mai kyau, ya ce in yi haƙuri, duk can za mu.

"Ga wanda ya aiko da geron nan," in ji Kawu.

"Ba komai, 'yata," in ji Alhaji. "Ai mun saba taimaka mata."

Godiyata ake jira. Kawu ya yi gyaran murya. Na kalli tabarma, na ga wata ƙwayar gero da ta maƙale a saƙar. Na rusuna sosai yadda na ga tana yi.

"Alhaji, mun karɓa."

Kawu ya yi salati a hankali. Liman ya ɗago ya dube ni. Alhaji kuwa carbin ya tsaya a hannunsa, ya ƙura min ido har na ji kamar in nutse.

"Bakinta ke nan," in ji shi. "Wallahi bakinta ke nan. Duk matan da suka zauna a bayan rumfata, ita kaɗai ce ba ta taɓa yi min godiya ba. Har yau ban san me na yi mata ba."

"Aiki ta yi maka, Alhaji."

Ya juya wajen liman kamar mai neman a kama masa. Liman ya kau da kai.

"To ai... e, ta yi aiki," in ji shi. "Wa ya ce ba ta yi ba? Ta yi aiki ƙwarai. Allah ya jiƙanta."

Ya dafa sanda ya miƙe, aka raka shi mota. Ban sani ba ko ya gane, ko kuwa ya faɗa ne don a wuce wurin. Na san dai bayan rumfarsa ba abin da zai sauya gobe da safe. Amma ya faɗi kalmar da bakinsa, a zauren da ya faɗi waccan, a gaban liman ɗin da ya ji ta farko. Kawu ya dawo ya yi min faɗa sosai, ya ce na zubar masa da mutunci, ya ce halin yayarsa na ɗauko kaf ban bar komai ba. Da ya zo nan sai ya sa hularsa ya fita ba sallama.

Kafin azahar an naɗe tabarmi, an mayar da kujerun aro, maƙwabta sun koma gidajensu. Na rufe ƙofar zaure. Labarin na cina a baki, ban san lokacin da na juya da sauri na nufi ɗakinta ba.

"Yakura, kin san me ya faru?"

Labule ne kawai ya motsa. Faifanta na rataye a ƙusa, kwanon tsaki na ƙarƙashin gado inda na ajiye shi, kaji suna tono a bakin ƙofa. Na daɗe a tsaye ina jira a ce min sai ka faɗa.

Ya Allah, ka jiƙan Yakura, ka yafe mata, ka haskaka makwancinta. Ka auna mata da cikakken mudu, ƙwaya ba tsaki ba, a inda ba a tambayar hannun wa ya yi aikin. Ka ƙara mata da rahamarka, wadda ba aikin kowa ke saye ba. Wannan na san za ta ce ta gode.